Kunamar Bahago

Abu uku mahaifinmu ya bari: gida a Limawa, shago a kasuwar Jimeta, da bindiga mai baki biyu da ya gada wurin kakanmu. Gidan an sayar an raba, shagon ma ya bi bayansa. Bindigar ce kaɗai ba ta shiga rabo ba, don ba ta gida lokacin da ya rasu. A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, maharba suka yi gayya za su tafi ƙwato garin, sai Baba ya ara wa wani maharbi abokinsa. Maharbin bai dawo ba. Bindigar ta dawo, aka ajiye ta ɗakin sarkin baka tare da sauran waɗanda masu su suka kwanta dama. Watan jiya saƙo ya iso ni cewa tsohon zai miƙa wa hukuma duk abin da ya rage, mai kaya ya zo ya nuna kayansa. In na nuna daidai, ta dawo gidanmu. In na kasa, ta tafi ke nan. Ni kuwa rabona da ita tun ina yaro, tana rataye bayan ƙofar Baba, inda taɓa ta ke jawo bulala.

Mun tashi da asuba daga Gombe, ni da wani abokin sana'ata da muke sayar da tsofaffin babura da janareto. Har Kaltungo hanya ba laifi. Daga nan sai ramukan da na sani tun da daɗewa, suna nan inda na bar su, wasu ma sun yi aure sun hayayyafa. Shingayen bincike sun ragu. A shekarun tashin hankali sai an sauko an ɗaga hannu, yanzu leƙe ne kawai da tambaya. A wani shinge aka ce me za mu yi a Yola, abokina ya buɗe baki zai faɗi gaskiya tsagwaronta, na take masa ƙafa na ce zumunci. Ban yi ƙarya ba. Amma wanda ya ambaci bindiga a shinge, a nan zai yi azahar.

A Numan muka karya da soyayyen kifi. Kifin ya yi daɗi, farashin ne ya ɓata shi, kai ka ce daga Saudiyya aka kawo shi ba daga kogin da muke kallo ba. Muka wuce Ngurore, zafi ya fara yi mana maraba. Zafin Yola ba ya jiran ka sauka daga mota. Cikin Jimeta kuwa keke mai ƙafa uku ne ko'ina, kuma duk mai sayar da babura in ya shiga garin da aka hana acaɓa sai ya ji kamar an yi masa rasuwa.

Na sauka a unguwar Ajiya wurin Goggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta ajiye mini kunun gyaɗa, na gaya mata damuwata. Ta yi dariya har da tafi.

"Kai da kake gane tsohon inji daga ƙararsa, bindigan kakanka ne ya gagare ka?"

"Goggo, ko kalarta ban riƙe ba."

"Kala me? Kakanka bahago ne. Malam ya doke shi har ya gaji, bai daina ba. Da ya sayi bindigan nan na Jamus, maƙeri ya karkata masa kunama zuwa hagu. Sa yatsanka na hagu, zai gaya maka."

Washegari na je wurin sarkin baka. Tsoho ne ƙwarai, idonsa ya fara dushewa amma bakinsa garau. Aka shimfiɗa tabarma, aka jera bindigogin. Yawancinsu na toka ne, ƙirar gida, uku ne kawai masu baki biyu. A gefe akwai wani mutum zaune, muka gaisa. Sarkin baka ya ce ƙanin marigayi maharbin ne, shi ma ya zo nuna kayan wansa.

Ido ya fara kai ni kan biyu masu tsohon katako, don su suka yi kama da kayan gado. Na gwada, kunamominsu a miƙe suke. Ta ukun tsatsa ta cinye ta, ƙotarta kuma ba tsohuwa ba ce, an naɗe ta da jar fata an ɗinke layu a ciki. Na ɗauka da dama, yatsa ya ƙi zama. Na juya ta hagu, ya zauna kamar an auna shi.

Na ce, "Ga ta."

Ƙanin maharbin ya ɗago kai. "Alhaji, a hankali. Wannan katakon Hammana, yayana, ya sassaƙa shi da hannunsa, da na asali ya karye a daji. Fatar nan ni na jeme ta. Da ita a ƙirjinsa aka same shi."

Sarkin baka ya ce shi dai bai ga maƙaryaci a cikinmu ba, mu daidaita.

Na yi abin da na iya. Na ce ya faɗi kuɗin ƙotar in biya, har da ihsani. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa.

"To, ni ma ka faɗi kuɗin ƙarfen. Ina da awaki."

Shekaruna a kasuwa sun koya mini cewa in mutum ya mayar maka da tayinka, ciniki ya ƙare. Muka tsaya a kan ƙarfe namu, katako nasu.

Da izinin sarkin baka, tare da wakilinsa, muka kai ta unguwar Alkalawa wurin wani dattijon Inyamuri mai gyaran ƙarfe, haifaffen Jimeta, wanda Fulatancinsa ya fi nawa. A gabanmu ya raba ƙarfe da katako. Ƙanin maharbin ya naɗe nasa a rawani ya yi mana sallama. Mai gyara ya jiƙa ƙarfen a kananzir, ya ce in dawo jibi.

Na cika kwanakin da yawo. Na leƙa tsohon shagonmu, yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Na tsaya a gadar Binuwai da la'asar, ruwa ya ja baya, masu noman rani sun bi shi da albasa da alayyahu. Na tsallaka Yola cikin gari, inda har yanzu mutane ke tafiya kamar ba wanda ke jiransu.

Da na koma, tsatsar ta saki, rubutu ya fito a ƙarƙashin bakunan. Mai gyara ya ce ƙirar Ingila ce, ba Jamus ba. Na ce ya goge ta ta yi ƙyalli, ya shafa mata baƙin fenti, yadda nake yi wa janareto.

"Oga, wannan ba janareto ba ne. Ka taɓa ganin an yi wa tsohuwa bilicin ta koma budurwa?"

Mai kawai ya shafa mata. Sai ya nuna mini inda tsatsa ta ci baki ɗaya har ya yi siriri, ya ce duk wanda ya sa mata harsashi, fuskarsa zai harba. Na ce ya toshe ta. Da aka zo sabuwar ƙota, masassaƙi ya kawo katakon maɗaci mai kyau, ya tambaye ni dama ko hagu. Ni da dama nake komai. Na ce hagu.

Na kai wa Goggo ta gani, na gaya mata ashe ba ta Jamus ba ce. Ta ce, "Duk Nasara ne." Ta ɗora ta a cinya, ta daɗe tana shafa kunamar da babban yatsa.

Ban taho da ita ba. Ko toshe take, bindiga ce, sai lasisi ya fito da sunana, don haka tana wurin sarkin baka, an ware ta daga masu tafiya. Muka kamo hanya, muka sake cin kifin Numan mai tsada, muka shiga Gombe kafin magariba.

Abokina ya yi mini lissafi a mota. Ya ce na tafi neman bindiga guda, na samu rabi, na sayi rabi, ba ta harbi, ba ta ƙyalli, kuma ba ta hannuna. A matsayin ciniki faɗuwa ce, ban yi masa musu ba. Abin da na ƙaru da shi, tsohon kaya kan tara masu shi a hanya, kuma ba dukansu ake sallama da kuɗi ba. Da an ba ni ita ɗungum, da na kwaso gadon wani gida na rataye a ɗakina. Yanzu gida biyu ne kowa ya samu mamacinsa. Wannan faɗuwar na karɓe ta.