Ramar Hajiya da Tagogin da Na Buɗe

Bari in fara da gyara abin da mutanenmu na nan suke ta yaɗawa, don na gaji da jinsa. Ba wiwi Hajiya take nomawa a ɗakinta ba. Rama ce, wadda ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Na yarda ganyen rama in ya girma yakan rabu yatsu-yatsu kamar na waccan tsiyar. Na kuma yarda baƙin tantin da take shukar a ciki, da fitilunsa da fankokinsa, an ƙera su ne don masu noman wiwi a ƙasashen da dokarsu ta amince, har hoton ganyen yana jikin kwalin. Amma a garin nan da ko warinsa aka ji a jikinka ka shiga uku, wace mai hankali ce za ta ajiye shi kusa da gadonta? Wani ɗan Ghana mai tura mana kaya ne ya fara baza maganar. Ya zo ɗaukar kaya, ya hango ramar ta bakin zif ɗin tantin, ya ajiye shayinsa ya hau neman takalmi yana roƙon Hajiya ta rufa masa asiri, yana da 'ya'ya a zongo can Ghana. Ta tsinko ganye ta miƙa masa ta ce ya tauna in namiji ne. Da tsamin ya buge shi ya zauna yana dariya, ya ce to a zuba masa kwaɗo. Shi wasa ya mayar da abin, masu ji suka ɗauka da gaske.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare a Kano ba aka turo ni Guangzhou wajen Hajiya, aminiyar mahaifiyata, 'yar Maraɗi mai sarin wandunan jins. Ita Faransanci ta iya, ni nake karanta mata saƙonnin Turanci. Yarinya ce ni mai saurin baki da gajen haƙuri, in aka faɗa mini abu ban ga dalilinsa nan take ba, na watsar ke nan. Muna zaune a unguwar Panyu, a irin benayen nan da suka matsi juna har rana ba ta samun hanyar shiga taga, shi ya sa ma ta sayi tantin.

Irin ramar ba na kasuwa ba ne. Na bayan ɗakin mahaifiyarta ne a ƙauye, mai jan kara, ganyenta da taushi. Tsohuwar ta rasu, an sayar da filin an yi gini, 'yan'uwa kuwa cewa suka yi rama ai rama ce, babu wanda ya ajiye ko ƙwaya. Abin da ya rage a duniya shi ne na cikin wata 'yar kwalba a akwatin Hajiya. Da ta lura irin ya fara tsufa, in ta gwada kaɗan ne ke tsirowa, sai ta yi shahada ta shuka duka, ba don ci ba, don ya yi fure ya ba ta sabo. Na san wannan sarai, a gabana ta juye kwalbar.

Matar nan ba a ƙauye ta girma ba, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, amma ban taɓa ganin mai naci irinta ba. Ta addabi lawban, mai shagon tantin, da tambaya. Duk sanda ta nemi bayanin noman rama a ɗaki sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, babu. Sai ta ce in karanto mata abin da masu wancan ganyen suke rubutawa, ina ƙunƙuni ina cewa ni ba da ni ba, ita tana cewa in rufe mata baki, tsiro dai tsiro ne, ita abin da zai amfani ramarta take tsinta. Abin da ta riƙe shi ne, tsiro yana ƙarami yana son danshi, amma da zarar ya fara fure to iska ta zama busasshiya kuma tana motsi, in ba haka ba funfuna ta cinye furen. Ta sayi injin da ke tsotse danshin iska ya tara a bokitinsa, da wani ɗan agogo mai nuna yawan danshin. Har ta kai ba ta ma duba agogon, ta sa bayan hannu a cikin tantin ta faɗi abin da zai nuna, kuma haka ne. Da furannin suka fara buɗewa, farare masu ɗan rawaya da jan ciki, kowanne yini guda yake yi ya rufe, na gan ta tsaye a gabansu tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida baƙo.

Ana haka aka kira ta zuwa garin Xintang, masu ɗinki sun yi kuskure a kayanta, dole ta je ta tsaya a kansu na 'yan kwanaki. Lokacin nan ne na bayan sanyi da iskar kudu ke shigowa da ɗumi, bango ya riƙa gumi, madubi ya yi hazo. Ta ja mini kunne har bakin ƙofa: kada in buɗe taga, kada in buɗe tanti sai zan ba tsirran ruwa da safe, in injin ya cika in zubar. Na ce to Hajiya, na ji, ai ba jaririya ba ce ni.

Tana tafiya ɗakin ya ishe ni. Injin yana gurnani yana fitar da zafi, ko'ina warin rufaffen wuri, kayan da na wanke sun ƙi bushewa. Ni kuwa a gidanmu abin da na tashi na gani, in ɗaki ya yi danshi ko wari, taga ake buɗewa, iska ta shigo ta busar. Na leƙa waje na ji iska mai daɗi tana kaɗawa. Na ce wannan tsohuwa da wahalar da kai take, ga iskar Allah kyauta. Na wangale tagogi duka, na zuge zif ɗin tantin don su ma su sha iska, na shanya jiƙaƙƙen wankina a igiya a gefensu. Da injin ya cika ya yi ƙara ya tsaya da kansa, sai na ji sanyi a raina, na bar shi haka. Wata tsohuwar 'yar China da tagarta ke kallon tamu ta riƙa ɗaga murya tana haɗa tafukanta alamar in rufe. Na yi mata murmushi na ce sheshe, wato na gode, a zuciyata ina cewa ina ruwanki. Ban lura duk layin babu buɗaɗɗiyar taga sai tamu ba.

Abin da ban sani ba, iskar lokacin nan ba busarwa take ba, ruwa take ɗauke da shi. Kafin in farga tayil ya jiƙe kamar an yi wanki a kai, ruwa yana gangarowa daga bango. Ranar da na leƙa tantin da kyau na ga wani gashi-gashi ruwan toka ya lulluɓe furannin da ƙananan kwanson da suka fara ɗaurewa. Na taɓa ɗaya ya narke a yatsana. Hajiya ta bugo waya ta tambayi mutanenta, haka take kiransu, bakina ya ce suna lafiya.

Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba. Ta shaƙi iskar ɗakin, ta wuce ni ta rufe tagogi, ta zubar da bokitin ta tada injin, ta kwashe wankina ta watsa mini a jiki. Na jira faɗa, don na fi iya faɗa, bai zo ba. Almakashi ta ɗauko ta ce in riƙe leda. Ta riƙa yanke duk reshen da ya kamu a hankali don kada ƙurar ta tashi, tana goge almakashin kafin ta taɓa na gaba. Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wato Bakanuwa ta zo ta koya wa mutanen China yadda ake zama a garinsu. Sannan ta tambaye ni me ya sa na ce suna lafiya, da na faɗi gaskiya ai da a ranar ta hau mota ta dawo. Wannan tambayar ce ta sa ni kuka, ba wankin da ta jefe ni da shi ba.

Gindi ɗaya ne ya tsira, wanda ke lungu kusa da fanka. Ta yi jinyarsa makonni, tana rage masa ganye don iska ta ratsa, tana hana kanta tafiye-tafiye. Da kwanson suka bushe ta fasa su a faranti, baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, ba su cika cokali ba. Ta daɗe tana kallonsu, ta ce alhamdu lillahi, wannan ma iri ne.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana masu zuwa ƙasar mutane da kai cike da yadda ake yi a gida. Abin da ke gyara a garinku yana iya zama shi ke ɓatawa a wani gari, kuma in wanda ya riga ki zama ya ce kada ki yi, ki bari tukuna, dalilin zai same ki daga baya. In kuma kin riga kin ɓata, ki faɗa da wuri, tun ana iya ceton wani abu.

Hajiya ba ta sake barina da tantin ba, ni ma ban roƙa ba. Na je kasuwa na sayo irin kuɓewa, wanda in ya mutu babu mai kuka, na nemi ta ba ni kusurwa guda a ciki. Ta ba ni, ta ce kuɓewar ta ga ta kanta. Na fasa komawa Kano bana. Zan zauna har lokacin gumin bango ya zagayo, in fitar da kuɓewar nan da furenta lafiya da hannuna. Sai ranar zan buɗe baki in ce ta ba ni ƙwaya biyu daga na mahaifiyarta.