Malam Sai-An-Duba

Tsoron ya kama ni tun kafin in taɓa ƙofar. Fanka ce na ji tana juyawa a cikin ofishin Malam, shi kuwa ba ya kunna fanka muddin akwai takarda a buɗe kan tebur. Yakan ce iska ba ta san lambar shafi ba. Na yi sallama, na ƙwanƙwasa, shiru. Da na tura ƙofar sai ga takardu warwatse a ƙasa, shayinsa ya huce a kofi, shi kuma yana kwance tsakanin tebur da kantar littattafai, gilashinsa a karkace kan hanci. Ni da mai gadi muka ciccibe shi zuwa mota.

Ni ne ɗalibinsa na ƙarshe. Watanni kaɗan ke nan da na kammala digiri na biyu a ƙarƙashinsa, kuma abin da zan faɗa a kan rayuwarsa daga bakinsa na tsinta, gutsure-gutsure, don ba mutum ba ne mai ba da labarin kansa.

Mahaifinsa magatakardan kotu ne. Malam ya tashi yana jin ƙamshin tsofaffin fayiloli a rigar uban, don haka ba wanda ya yi mamaki da ya karanta shari'a ya zama lauya. Shari'a ɗaya ce ta raba shi da aikin. Wani mutum da ɗansa sun yi hatsarin mota. Uban yana kan injin numfashi a asibiti, ɗan ya rasu bayan kwanaki, sannan aka cire wa uban inji. Sai rigimar gado ta tashi: wa ya riga wani mutuwa? Likita ya ce uban ya mutu tun ranar hatsarin, inji ne kawai yake hura ƙirjinsa. Malamin addinin da aka kira ya ce muddin zuciya tana bugawa, rai yana nan. Alƙali ya yi ta ɗage zama har ya yi ritaya. Malam ya ce mini ranar da aka rufe fayil ɗin ba tare da hukunci ba, ya koma gida ya rataye rigar lauya a bayan ƙofa, bai sake sa ta ba.

Ya koma jami'a ya karanta tarihi, yana neman sanin yadda alƙalan da suka gabata suke yi idan shaidar likita ta ci karo da maganar malamai. Ƙuruciyarsa duka ta ƙare a ɗakunan ajiye tsofaffin takardun kotu, inda ya samo tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba. Ya rubuta littattafai biyu, yana kan na uku.

Aikin bai jawo masa jama'a ba. Sashen tarihi suka ce lauya ne, tsangayar shari'a suka ce ɗan tarihi ne, aka ba shi ofis a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Likitoci sun gayyace shi taro, ya karanta musu hujjojin malamai dalla-dalla, ba su sake kiransa ba. Malamai sun gayyace shi, ya karanta musu na likitoci, su ma suka yafe shi. Matarsa ta rasu da daɗewa. 'Yarsa ɗaya tak tana aikin harhaɗa magunguna a wani gari mai nisa. Da rana yakan ci burodi da shayi shi kaɗai, yana kallon bango. Har tattabarun da ke kan tagarsa sun fi abokan aikinsa sanin lokacin zuwansa.

Ɗalibai suka laƙaba masa suna Sai-An-Duba, don kowace tambaya ka yi masa amsar ke nan. Ni ma ba zaɓarsa na yi ba, sauran malaman sashen ne ɗalibai suka yi musu yawa. Ranar farko ya dube ni ta saman gilashi.

“Kai wane ɓangare kake? Likita ko malam?”

“Malam,” na ce, ban ko yi tunani ba.

“Madalla. Wannan zangon kai ne lauyan likitoci.”

“Malam, ai ban yarda da su ba.”

“Wa ya ce ka yarda? Cewa na yi ka kare su. Idan ka iya faɗin maganarsu har su ce haka muke nufi, sai ka dawo in mayar da kai gidanku.”

Haka yake aiki, da ni da kansa. Idan ya rubuta babi ya ga ya fara karkata, sai ya ajiye shi ya rubuta wa ɗaya ɓangaren nasa. Yana kira na Alƙali, don ya ce ban taɓa jin magana ta kai ƙarshe ba tare da na yanke hukunci ba. Wata rana na gaji na ce, “Malam, ku fa me kuka gani? Tsakanina da ku kawai.”

Ya yi dariya har tarin ya taso. “Alƙali, idan na faɗa maka yau, gobe ka daina karatu ka fara kwaikwayona. Sai an duba.”

A asibiti aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Likita ta ce jijiya ce ta fashe a kansa. Ta cikin gilashin ƙofa na ga ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka daidai da ƙarar inji, sai na zauna a ƙasa. Na san wannan ɗakin tun ban shige shi ba. Shekaru na yi ina karanta shi a takarda.

Washegari 'yarsa ta iso da jakar tafiya a hannu, ƙanin Malam kuma ya zo daga kasuwa. Likita ta tara mu. Ta ce ta gwada, ba ta ga alamar ƙwaƙwalwa tana aiki ba, amma ƙa'idarsu sai wani likita dabam ya sake gwadawa. Idan shi ma haka ya gani, za su nemi iyali su yarda a cire inji.

“Ba mai taɓa injin nan,” in ji ƙanin Malam. “Na riƙe hannun Yaya, da ɗuminsa.”

“Baffa, ka bari ta gama,” in ji 'yar Malam.

“Ta gama me? Ke da kike sayar da ƙwaya, ai dole ki bi bayansu.”

Ta fito baranda, ta yafito ni.

“Ƙanena, kai ne kake zama da Baba kullum. Ni a waya ba ma wuce ya aiki, ya gajiya. Wannan abin shi ya ci rayuwarsa. Shi me yake so a yi?”

Na buɗe baki, sai abin da ya koya mini ya zubo. Na faɗa mata hujjar likitoci tsaf, na juya na fara ta malamai. Ta ɗaga hannu.

“Ba lacca na tambaye ka ba. Ubana nake tambaya.”

“Anti, wallahi ban sani ba.”

“Ko sau ɗaya bai faɗa ba?”

“Na tambaye shi. Ya ce sai an duba.”

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye suka biyo. “Haka ya ce mini da na kawo masa maganar aurena.”

Na koma ofis da yamma don in kulle. Fankar tana nan tana juyawa, ba wanda ya leƙa ya kashe. Na tattara takardun babin da yake kai, na karanta su a tsaye, ko zan ga inda ya karkata. Ba inda ya karkata. Shafi na likitoci, shafi na malamai, kowanne an yi masa adalci. Na ji haushinsa, sannan na ji kunyar jin haushin. Na zuba wa tattabarun ragowar burodinsa, na ja ƙofa.

Daga jami'a mutum ɗaya ne ya bugo waya, shi ma makullin ofis yake tambaya.

Da safen nan likita na biyu ya shiga ɗakin. Muna zaune a kan benci mu uku. Baffa yana jan carbi a gefe ɗaya, Anti tana ɗaya gefen da jakarta a cinya, ni a tsakiya. Ta ce idan an fito za ta sake tambayata, in shirya mata amsa. Har yanzu likitan bai fito ba.