Harshen Inno Kellu da Sikelin Nasara

Inno Kellu kakata ce, mutuniyar Tirmini, kuma a zamaninta duk Zinder ba wanda ya kai ta iya jiƙa saiwar sanya. Magani ne mai faɗa: kaɗan ya kori zazzaɓi, ya yi yawa ya kori mai zazzaɓin. Ba ta taɓa aunawa ba. Sai ta ɗiga a harshe, ta yamutsa fuska, ta ƙara ruwa ko ta bari. Ba ta da gona, ba ta da miji. Sunan nan na mai magani shi ne kaɗai abin da ta mallaka.

Wata damina, Nasara ba su daɗe da kama ƙasar ba, kinin, maganinsu na zazzaɓi, ya ƙare musu a bariki. Likitansu ya sa aka kira ta. Ta jiƙa a gabansa, shi kuwa ya ɗora saiwa a sikeli, ya auna ruwa, ya rubuta.

Ta ce wa Mala tafinta, "Malam, gaya mishi wannan awon damina ne. Saiwar rani ƙarfinta biyu ne, sai an ɗanɗana."

Mala ya ce, "Inna, ni zan ce wa Nasara ya lasa? Ya riga ya rubuta, ba a gyara musu takarda."

Ta tattara kayanta ta koma gida. Tsohuwa ba ta ja da namiji a gaban baƙo. Wannan kunyar har yau tana ba ni haushi.

Da rani aka jiƙa da awon takarda, soja biyu suka sha suka mutu. Wa za a kama? Takarda dai ba ta laifi. Aka ƙone kayan Inno a bakin kasuwa, aka yi shela kada kowa ya ƙara karɓar maganinta. Likita ya rage awonsa rabi, ya ci gaba da bayarwa a kwalba.

Mutane suka daina sallama a ƙofarta. Ta daure, tana cewa na gida dai sun san gaskiya. Ran nan zazzaɓi ya kama jaririyar 'yarta Zuliha. Inno ta tashi ta jiƙa saiwa, tana jira a tsakar gida da ƙoƙo a hannu. Zuliha ta goya 'yar, ta fita ta ƙofar baya zuwa bariki.

Ni ce jaririyar. Inno ba ta sake jiƙa komai ba har ta rasu.