Hadarin da Ke Kan Gidan Dada

Shekara goma sha tara Maharazu mai hoto ya yi yana ɗaukar fuskokin mutanen Faskari, kuma bai taɓa samun wanda ya yarda fuskar da ta fito tasa ce ba. Wannan ya ce an ƙara masa baƙi, wancan ya ce an karkata masa hanci. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: hoto ba ya ƙarya. Ni ma na taɓa yi masa ƙorafin kunnuwana, ya ce da su na shigo shagon. Ajinmu ɗaya a firamare, shi ya sa nake iya jure bakinsa.

Da wayoyi suka cika gari, kowa ya zama mai hoton kansa, shagon ya koma wurin shan inuwar kaji. Maharazu ya rantse ya bar ɗaukar mutane. Ya ce daga yau sai gini, ginin ma wanda masu shi suka tafi suka bari, don kango ba ya ƙifta ido, ba ya cewa a sake.

Kangaye kuwa ba mu rasa su ba. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, unguwanni da yawa suka tashi. In hanya ta lafa sai ya hau babur da hantsi, ya dawo kafin la'asar. Ya mayar da kyamararsa baƙi da fari, ya kuma sayo wasu gilasai a Kano masu faɗin bakin kofi, da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wai sunansu filta. Akwai kore, akwai rawaya, amma jan shi ne ɗan lelensa. In ya ɗaura shi, sararin sama ya fito baƙi ƙirin a hoto, bangon ƙasa kuma ya yi haske, har tsagewarsa kana ƙirgawa. Ba wanda ya taɓa sayen ko ɗaya. Ni dai na gaya masa gaskiya, hotunan suna da kyau, amma ba zan rataye rusasshen gidan wani a ɗakina ba.

A gidansa akwai kakarsa ta wajen uba, Hajaratu, wadda kowa ke kira Dada. Daga Unguwar Gide aka ɗauko ta, wani ɗan ƙauye mai gida goma sha biyu can bayan Tafoki, ta iso da tukunya ɗaya da akuya. Shekara uku ke nan ba ta ga gidanta ba. Wata rana bayan kaka Maharazu ya je ya ɗauko hoton gidan, ya wanko shi babba a Funtua, ya kawo mata don ta yaba.

Dada ta kai hoton dab da idonta, sai ta saki salati.

"Maigidana, wanga hadari haka! Ga katangar gabas ba yaɓe!"

"Dada, damina ta wuce tun tuni. Gilashi ne na sa."

"Ba kai ka ce hoto ba ya ƙarya ba? Ko kau yau ya fara?"

Dada ta ture tuwonta, ta ce ba za ta ci ba alhali ruwa na shirin kayar mata da gida. Kwana biyu ana haka. A na uku sai ga gwanin hoto ya ɗaure shebur da jarka a babur. Ya kwaɓa ƙasa, ya yaɓe katangar da tsagewarta ce ta kai shi wurin tun farko, yana yaɓe yana tsaki. Da ya gama ya ɗauko mata shaida.

A nan ne taurin kansa ya ci shi. Da ya cire jan gilashin nan da magana ta ƙare. Amma ya ce shi ba zai ɗauki sama fari fat kamar takardar gwaji ba, ana masa kallon ɗan koyo. Hoto ya iso, katanga sumul, sama ta fi ta jiya baƙi.

"Ya matso," in ji Dada. "Dubi jinkar ɗakin tsakiya."

Bayan jinka sai indararo. Bayan indararo sai ƙyaure. Daga nan ta ce a share tsakar gida, kada baƙo ya zo fakewa ya ce ƙazama ce. Matarsa Shafa'atu ta ce ita ma a ɗauki rufin ɗakinta da jan gilashi, ko za a tuna yana yoyo. Sauran mutanen Unguwar Gide da ke zaune a Faskari suka fara zuwa duba sama a hannun Dada. Baba Audi, maƙwabcinta na can, har ya fito da irin gero a watan Janairu, da ƙyar 'ya'yansa suka ƙwace.

Sau ɗaya wasu masu bindiga biyu suka tarar da Maharazu a kan tsani, shi kaɗai a garin da ba ko kaza. Suka tambaye shi me yake yi. Ya ce sauri yake kafin ruwa ya sauko. Suka ɗaga kai, rana kamar ta fasa dutse. Suka dubi juna, suka ja baburansu a hankali, ba su ko waiwayo ba.

Zuwa bazara gidan Dada ya zama gida mafi kyau a yankin, kuma bai da sauran amfani ga mai neman kango. Maharazu ya zo mini, tafin hannunsa duk ya yi kanta, ya ce ya gaji. Ya cire gilashin, ya ɗauko gidan yadda yake. Ina wurin ya miƙa mata, har da ɗaga murya.

"Ga gaskiya, Dada. Ba hadari. Ba a taɓa yin hadari ba."

Ta daɗe tana kallo. Sama fari, gida tsaf, ba kowa. Sai ta ajiye shi a cinya.

"Na sani, Maharazu," ta ce. Ranar ce na fara jin ta kira shi da sunansa. "Shekara tamanin ina duban sama. Ina ka taɓa ganin hadari ya haɗu, ga inuwar tsamiya kwance a ƙasa? Tun hoton farko na gani."

"To mi ya sa kika wahal da ni haka?"

"In na ce maka kewa nike, sai ka ce Allah shi kawo sauƙi, ka tafi shago. Shi kau hadari, tashi ake a yi mishi aiki. Kakanka na kwance bayan katangar nan. Ni ba ni iya zuwa. Ina so dai wani namu shi riƙa buɗe ƙyauren."

Ni da na zo kallon dariya, sai na ji kunya ta rufe ni. Maharazu ya karɓi hoton ya ninke shi ya sa a aljihu.

Ranar Asabar na gan shi bakin tasha yana ɗaure tsani a babur, jan gilashin na ƙyalli a bakin kyamara. Sama wasai, ko ɗigon gajimare babu. Na ce ina zuwa da wannan rana?

Ya ce hadari ya haɗu a Unguwar Gide, kuma rumbun Dada ba murfi.