Garken Motocin Habibu

Habibu Lawal ma'aikaci ne a ɗakin kwamfutoci na wata ma'aikatar tarayya a Abuja, shekararsa arba'in da uku. In na'urar buga takarda ta shaƙe shi ake kira, in oga ya manta lambar sirrinsa shi ake kira. A Dei-Dei ya tashi, inda mahaifinsa marigayi Malam Lawal ya yi dillancin shanu a kara shekara talatin, amma shi Habibu ko akuya bai taɓa sayar wa kowa ba. Boko ya bi, ya kuma bi shi da gaske, har ya yi rajistar digirin dakta a wata jami'a da ke wajen gari, yana aiki yana karatu. Shekara bakwai jami'ar take ba mutum ya gama ko a soke sunansa, Habibu kuwa yana cikin ta bakwai ɗin, ita ma ta kusa ƙarewa.

In ka tambaye shi abin da yake bincike, sai ya gyara zama, kai kuma ka yi da-na-sanin tambaya. Wasan tseren mota ne na kwamfuta, irin wanda matasa ke bugawa a shaguna, sai dai nasa motocin babu hannun da ke tuƙa su. Mota ɗari biyu yake sakewa a kan hanya, kowace da 'yar ƙwaƙwalwarta ta lambobi, ba wadda ta san dama balle hagu. Wasu su daki katanga, wasu su yi ta juyi a wuri ɗaya, wasu ma su ƙi tashi. Sai kwamfuta ta zaɓi waɗanda suka fi nisa, ta gauraya lambobinsu, ta ɗan sauya wasu da ka, ta haifi sababbi ɗari biyu. Wannan shi yake kira zubi ɗaya. A yi ta haka zubi bayan zubi, har 'ya'ya su fi iyaye iya tuƙi ba tare da wani ya koya musu ba. 'Yan uwansa na Dei-Dei dai abu ɗaya suka fahimta, wato ƙato da gemu, uban 'ya'ya uku, ya zauna yana wasan mota gwamnati na biyansa albashi.

Matarsa Zuhra ce kaɗai ba ta taɓa yi masa dariya ba, ko da yake ita ta fi kowa ganin takaici. A Mararaba suke zaune, a ɗaki biyu da falo. Shekara bakwai ke nan duk abin da ta roƙa amsa ɗaya ce, a bari ya gama. Komawarta makarantar koyon jinya a bari ya gama, zuwa ganin gida Kano a bari ya gama. Ta bari ɗin.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Kwamfutar Habibu ta hannu tsohuwa ce, da ƙyar take iya kiwon mota ɗari biyu, don haka da wata babbar kwamfuta ta ofis yake aiki, wadda ke zaune a lungu ba mai taɓa ta. Da safe ya kunna ta, motoci su yi ta tsere suna haihuwa har yamma. Amma dokar gidan ita ce ƙarfe huɗu da rabi mai gadi zai kashe wutar benen baki ɗaya, tun wata gobara da aka taɓa yi. Bas ɗin ma'aikata kuma ƙarfe huɗu take tashi, ba ta jiran ko darakta. Duk wanda ya san hanyar Mararaba ya san abin da rasa wannan bas yake nufi: ka tsaya kokawar mota a bakin titi, sannan cunkoson Nyanya ya riƙe ka har ka rasa magariba. Kwashe garken motocin gaba ɗaya a filas, ɗan abin ajiyar da ake sokawa a kwamfuta, yakan ci minti ashirin da wani abu a wannan tsohuwar na'ura. Kwashe mota ɗaya kuwa, wadda ta fi kowa gudu a ranar, ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Sai Habibu ya riƙa barin su suna tsere har huɗu saura biyar, ya kwafi zakaran kaɗai, ya zari jaka ya sauka da gudu. Washegari ya haifi ɗari biyu daga wannan zakara ɗaya, a ci gaba. Haka ya yi shekara uku, yana ganin ya yi dabara.

Kuma zakaran ya yi kyau, ba a ƙi ta mutum ba. Bayan zubi dubu sittin, yana shan kwana kamar an ja layi da alli. Habibu ya rubuta babi biyar a kansa, malamarsa Dakta Prudence, wata 'yar Filato mai kirki da faɗa, ta sa hannu, aka tura kundin wurin mai jarrabawa na waje, aka sa ranar kare bincike.

Saura kwana goma sha takwas Dakta Prudence ta kira shi ofishinta. Ta miƙa masa takarda, ta ce mai jarrabawar ya yaba, abu ɗaya kawai ya nema.

"Malam Habibu, mutumin nan ba ya wasa fa. Ya ce duk result naka a kan track ɗaya ne. Yana so ran defence ka saki motan a wani sabon hanya, a gabanshi, ya gani da idonshi."

Habibu ya ce wannan ai mai sauƙi ne, Dakta. Har da murmushinsa.

Washegari da safe ya zana sabuwar hanya, ba ma mai wuya ba, ya saki ɗari biyun. Suka tashi tare gwanin sha'awa, suka wuce kwanar farko, suka wuce ta biyu. A ta uku, inda tsohuwar hanya ke karyawa hagu ita kuma wannan ta karya dama, duk ɗari biyun suka karya hagu suka daki katanga, a wuri ɗaya, a daƙiƙa ɗaya. Ya ce ko kuskure ne, ya sake. Suka sake. Ya zana wata hanyar dabam, suka mutu a kwanar farko. 

Ba sai an gaya masa ba. Ɗan kara ne, tun yana ƙarami yake jin Fulanin da ke kawo wa babansa shanu suna cewa ba a barin sa ɗaya ya daɗe a garke yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, jini zai lalace, cuta ɗaya ta kwashe su duka. Shi da kansa ya rubuta irin wannan gargaɗi da Turanci a babi na biyu, da sunayen masana a ƙasa. Ba ɗari biyu yake kiwo ba, mota ɗaya ce sau ɗari biyu, kuma ba tuƙi ta koya ba, hanya ɗaya ta haddace. Sauran, masu raunin nan da yake zubarwa kullum huɗu saura biyar, a cikinsu ne masu iya karya dama suke. Ya bincike filas ɗinsa uku da tsofaffin saƙonninsa ko zai sami ko garke ɗaya da ya taɓa ajiyewa cikakke. Bai samu ba.

Abin da ya rage shi ne a fara daga farko, da sabon garke a kan hanyoyi daban-daban, kuma kada a kashe na'ura. Ya roƙi mai gadi ya bar wutar benen, mai gadi ya ce shi dai aikinsa yake so. Ya nemi izinin fita da kwamfutar ofis, aka ce kayan gwamnati ne, sai ya rubuto takarda, takardar kuma tana can tana yawo tebur-tebur har yau. Wani abokin aikinsa, Nazeer, ya ja shi gefe ya ce ya daina wahalar da kansa, ya ɗauki hoton bidiyo ya gyara shi, ya ce kwamfuta ta ƙi tashi ran nan, wa zai bincika? Allah ne kaɗai ya san abin da ya ratsa zuciyar Habibu a wannan lokaci. Daga baya ya ce a'a. Tsoron Allah ne ko tsoron mai jarrabawa, shi ma ba zai iya rantsuwa ba.

Ya ɗauki hutun rashin lafiya, kuma ba ƙarya ya yi sosai ba, don abinci ya daina shiga. Ya koma kan tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, ya zama mai bin wuta kamar yadda makiyayi ke bin ruwa. In an kawo a gida, a gida. In an ɗauke, ya rungume ta a buɗe ya ruga rumfar mai cajin waya a bakin titi, inda janareta ke kuka. Ranar da man mai cajin ya ƙare, shagon aski ya koma, ya zauna a benci da jallabiya, masu jiran layi suna leƙen allonsa suna tambaya ko caca ce. Kwana uku ya yi yana zuwa Jabi, shagon wani ɗan ajinsu mai sola kusa da tasha. Na'urar kuwa zafi take yi har ta mutu da kanta, sai an ɗora ta a kan bulo biyu. Da rana tsaka Zuhra kan zauna kusa da ita da mafici tana yi mata fifita, ba ta cewa komai.

Ran nan dai ta ce wani abu. Ya dawo daga sallar azahar ya tarar na'urar ta mutu, zubi saba'in sun tafi a banza, ya zauna a ƙasa ya dafe kai, hawaye na zuba, ƙato da shi. Zuhra ta ajiye maficin.

"Abban Surayya, gaya mini gaskiya. Motocin nan za su kai?"

"Suna ƙaruwa," in ji shi.

Wannan gaskiya ce, suna ƙaruwa. Ita kuwa abin da ta ji shi ne za su kai, shi kuma ya ga ta ji hakan, ya kasa gyara mata.

Ranar kare bincike sabon garken yana zubi na ɗari tara. Ƙarfe goma na safe Habibu ya tsaya gaban mutum biyar da babbar rigarsa. Mai jarrabawar, wani dattijo mai farin gashi da sanyin murya, ya zana hanya da hannunsa ya ce bismilla. Habibu ya fara sakin tsohon zakara da zuri'arsa, suka mutu a kwana ta biyu. Bai jira tambaya ba, ya faɗi abin da ya yi shekara uku, har da bas ɗin ƙarfe huɗu, wani daga cikin malaman ya kasa riƙe dariya. Sannan ya saki sababbin. Suna tafe suna layi kamar 'yan koyo, suna gogar katanga, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Talatin da ɗaya suka kai ƙarshen hanyar da ba su taɓa gani ba.

Dattijon ya daɗe yana kallon allon. Ya ce waɗannan talatin da ɗayan sun fi babi biyar ɗin daraja, nan ne ainihin binciken yake, kuma yana jinjina wa mutumin da ya faɗi kuskurensa da bakinsa. Amma ba zai sa hannu a kan kundin da sakamakonsa ya rushe ba. A ba shi wata shida ya sake rubutawa. Dakta Prudence ta juya ga wakilin hukumar jami'a, ta roƙa, ta yi faɗa, ta sake roƙo. Mutumin ya buɗe fayil ya ce shekara bakwai za ta cika ƙarshen wata, dokar ba shi ya yi ta ba. In Malam Habibu yana so, ƙofa a buɗe take ya sake neman gurbi daga farko.

Bai san yadda ya iso Mararaba ba. Bayan la'asar ya shiga layinsu, tun daga nesa ya hango rumfa a ƙofar gidansa, da fararen kujeru, da ƙamshin dafa-duka. Zuhra ce ta shirya walima a ɓoye, ta gayyaci maƙwabta, ta aika har Dei-Dei aka ɗauko mahaifiyarsa Hajjo, wadda idonta ya yi rauni, ta kuma daɗe ba ta fita ko'ina. Zuhra ta fito da sabon leshi tana murmushi, ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta tsaya cak da faranti a hannu.

Hajjo kuwa ba ta ganin fuskar kowa. Ta ji an ce ga shi nan, ta miƙo hannu daga kan tabarma tana lalube.

"Habibu ne? Matso, ɗan nan, in taɓa ka. Sun ce daga yau ba a kiran sunanka gatsau. To gaya mini da bakinka, me zan riƙa ce maka?"

Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta, ta kama kansa da hannu biyu. Matan da ke rumfar suka yi tsit, kowace ta gyara murya tana jiran ya amsa ta rangaɗa guɗa.