Allurar Inna

Tururuwa ce ta fara gane ciwon Inna. Ƙanwata ta ga tana taruwa a inda Inna take kewayawa, ga ƙishirwa, ga rama. Bayan an sayar da auduga muka hau mota daga Ƙarfi zuwa asibiti a Funtuwa, su a gaba, ni a can baya, don ni ne ɗanta na fari. A ɗakin kakata na tashi. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta ci abinci a gabana ba. In tana son in yi wani abu, sai ta gaya wa wanda ke kusa, in babu kowa ta gaya wa bango.

Malamin asibiti ya ɗiga fitsarinta a wani ruwa shuɗi, ya kara a wuta. Ina kallo ya koma kore, ya koma ja kamar jar ƙasa. Har yau ina mamakin wanda ya fara gano wannan dabara.

Likita ya ce ciwon sukari ne, ƙwaya ba za ta riƙe ta ba, sai allura kullum da safe. Amma ba zai rubuta ba sai ya ga wanda zai riƙa yi mata a gida, mai iya karanta zanen da ke jikin sirinji, don in an zarce akwai haɗari. In kuwa ba ta samu ba, da wuya ta ga damina. A gidanmu ni kaɗai na yi elementare.

Aka ba ni lemo na yi ta sokawa har hannuna ya saba. Na koyi dafa sirinjin gilas, da binne kwalbar maganin a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Na tambayi malamin inda ake samo shi, ya ce daga cikin saniya.

“To a ba ni nono mana,” in ji Inna, tana duban ƙanwata.

“Inna, lemo dai ya sha allura bai yi kuka ba,” in ji malamin. “Saura ke. Likita na son ya gani da idonsa.”

“Yarinyar nan ta yi.”

“Ba ta san lamba ba.”

“Kai ka yi.”

“In bi ki Ƙarfi? Sai dai in za ki ba ni ita.”

Ƙanwata ta rufe fuska. Inna ba ta yi dariya ba. Likita ya ajiye alƙalami yana jira, bai gane abin da ya tsayar da mu ba, mu kuma babu mai iya yi masa bayani.

Can ta janye mayafi daga dantsenta, ta juya wa taga fuska.

“Ku ce wa wannan ya yi a hankali.”

Na kama dantsen. Ashe yana da wani tsohon tabon ƙuna da ban taɓa sanin da shi ba. Na soka. Likita ya ɗauki alƙalami.

Ta ga damina, ta ga wasu bayanta. Kullum da safe sai in yi sallama, ta miƙo hannu tana kallon bango. Sunana dai har ta rasu ban ji shi a bakinta ba. Tabon kuwa ban taɓa tambayarta ba, yanzu babu wanda ya sani.