Lorraine Kivela da Lambar Gida

Kafin a buɗe laburaren unguwarmu a Duluth, Lorraine Kivela tana bakin ƙofa da gorar kofinta. Ta kakkaɓe ƙanƙarar takalmi, ta wuce teburinta na kusa da taga. Shekara da shekaru nan take zama duk lokacin haraji, tana taya mutane cike takardun haraji, ba albashi ba lada sai na Allah. Masu gyaran rufi, masu sharar ofis, duk mai cin gashin kansa ya san teburin nan. Bana ta ce gwiwoyi sun gaji, za ta huta.

Tambayarta ɗaya ce, har kwaikwayonta ake yi: "Wace lamba kake ba masu sa ka aiki?" Kamfani in ya sa ka aiki, dole ya nemi lambarka ta haraji. Mu kuwa sai mu miƙa lambar kanmu, wadda gwamnati ta ba mu tun muna jarirai, wadda banki da fansho duk suke rataye da ita. Lorraine sai ta zaunar da kai, ta ciro maka lambar sana'a daga hukumar haraji, kyauta, ta ce wannan za ka riƙa bayarwa, waccan ta gida ce.

Arlo Niemi, mai share dusar ƙanƙara da motarsa, ya fi kowa taurin kai.

"Malama Lorraine, mutum ɗaya lamba ɗaya," in ji shi. "Me zan ɓoye? Ni ba ɓarawo ba ne."

"Ai ba kai nake tsoro ba, Arlo. Jiya a gidan abinci kana karanta ta a waya kamar mai shela. Ni da kunnena ɗaya ma na haddace."

"To tunda kin haddace, ki biya min harajin mana."

Aka yi dariya, ya tafi abinsa.

Daga baya 'yarsa ta rasu, ta bar yarinya mai suna Signe. Arlo ya nemi kotu ta ba shi riƙon jikarsa. Da aka bincika, sai ga wani a Arizona yana yawo da sunansa da lambarsa, har an taɓa kama shi da laifin duka. Arlo ko hanyar Arizona bai sani ba, amma alƙali ya ce yarinya ta zauna hannun wasu mutane sai an wanke sunan.

Lokacin haraji ya wuce, don haka har gida Arlo ya sami Lorraine. Ta dubi ƙaton mutum yana murza hula. Tausayi ya kama ta, ta haɗiye "ai na gaya maka" ɗin da kowa zai faɗa, ta ɗauko jakarta.

Ke ce, Lorraine, kika bi shi ofishin 'yan sanda aka ɗauki hoton yatsunsa. Ke kika bi kamfanonin da ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, suka shaida yana nan yana share musu ƙofa ranar da ake dukan mutum a can. Da gwiwoyin nan kika hau matattakalar kotu. A hanyar dawowa kika tsaya da shi laburare, ya karɓi lambar sana'arsa ba gardama. Uwar masu zaman kansu, mun gode.

Teburin nan bana babu kowa. Wanda ya iya aikin, don Allah ya zo ya zauna, ko rabin yini ne.

Ranar walimar sallamarta aka ce Arlo ya yi jawabi. Ya miƙe. Sai ya kamo hannun jikarsa ya kai ta gaban Lorraine.

"Signe, gaishe ta," ya ce. "Ba don ita ba, da yau wani kike kira Kaka."